Mita ta nuna batir a cike, amma mutum-mutumina yana mutuwa da zarar ya taka ƙasa

Tambaya: Na haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai taya biyu da allon Arduino Uno a matsayin ƙwaƙwalwarsa, da direban moto L298N, da moto biyu masu ruwan ɗorawa irin waɗanda ake sayarwa tare da tayoyinsu, da sarbo SG90 (ƙaramin moto mai juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi) ɗauke da na'urar gano shinge HC-SR04. Idan na ɗaga shi sama, tayoyin suna juyawa lafiya lau. Ina ajiye shi a ƙasa sai ya yi zabura ɗaya ya tsaya, fitilar allon ta dushe, ya sake farawa daga farko. Batir mai 9V nake amfani da shi, kuma mita ta nuna 9.1V. Na koma batir AA guda huɗu, yanzu kuma tafiyar hawainiya yake yi. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma ba ka ƙona komai ba. Bayanin da ka yi ya isa a gano bakin zaren. Mitarka ba ta yi maka ƙarya ba, sai dai ka tambaye ta a lokacin da bai dace ba. Ka auna batir yana hutawa, babu abin da ke jan wuta daga gare shi. Kusan kowane batir, har wanda ya kusa ƙarewa, yakan nuna lamba mai kyau a wannan hali. Abin da kake buƙatar sani shi ne boltej nawa ya rage a daidai lokacin da moto biyun suke yunƙurin tayar da nauyin na'urar daga tsaye.

Ka ɗauki misalin rijiya mai ƙaramin ido. Da safe ka leƙa, ruwa ya taso har kusa da baki. Da guga za ka ɗiba ka ƙoshi. Amma ka jefa babban famfo, cikin ɗan lokaci sai ya fara shan iska, domin yana zuƙa fiye da yadda idon ke kawowa. Ka kashe famfon, ruwa ya sake tasowa, ka leƙa ka ga rijiya kamar ba a taɓa ta ba. Tsayin ruwan shi ne boltej, yawan abin da famfo ke ja shi ne kwararar wuta da ake aunawa da amfiya, ƙanƙantar idon kuwa ita ce abin da ake kira turjiyar cikin batir, wadda ake aunawa da om. Kowane batir yana da ita. Ka'idar Ohm ta ce boltej ɗin da zai ɓace a ciki daidai yake da amfiyar da aka ja a ninka da turjiyar.

To mu kawo lissafin kan naka. Batir mai kusurwa huɗu na 9V ƙananan batura shida ne aka cusa a gwangwani ɗaya. An yi shi ne domin abubuwa irin su mita da na'urar gano hayaƙi, masu shan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Turjiyarsa takan kai om 1 zuwa 2 tun yana sabo, idan alkalin ne, tana kuma ƙaruwa yayin da yake raguwa. Wanda ba alkalin ba ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Moton nan mai ruwan ɗorawa, idan yana juyawa a iska, abin da yake ja bai wuce 150mA zuwa 200mA ba (1000mA ne amfiya ɗaya, wato 1A). Shi ya sa komai ke tafiya daidai idan ka ɗaga na'urar. Amma moto da yake tsaye cik aka ba shi wuta, ko wanda aka danne tayarsa, yana iya jan 1A zuwa 1.5A. Dalilin shi ne moto mai juyawa yana haifar da nasa boltej da ke tunkuɗe wanda ke shigowa, ya rage abin da yake ja. Wanda bai fara juyawa ba babu wannan kariyar, sai turjiyar wayar da aka naɗa a cikinsa kawai. Duk lokacin da moto zai tashi, sai ya bi ta wannan hali, ko da na ɗan ƙiftawar ido ne. A iska yana wuce shi nan take. A ƙasa, da nauyi a kansa, yana daɗewa a ciki.

Moto biyu ke nan suna neman sama da 2A a tare. Ka ninka 2A da om 2, ka ga 4V sun ɓace a cikin batirin kansa. Abin da ya rage wajen 5V ne. Shi kuwa Uno, idan ta ƙafar Vin, wato mashigar wutar batir, ake ba shi wuta, 7V zuwa 12V aka tsara masa, saboda regiletar da ke kansa, mai rage boltej ta daidaita shi, tana buƙatar rarar kusan 1V ko fiye kafin ta iya fitar da 5V tsayayye. Da boltej ya faɗi, layin 5V ya bi shi, ƙwaƙwalwar allon ta ɗauke. Tana ɗaukewa sai moto ya tsaya, batir ya farfaɗo, allo ya tashi, ya sake ba moto umarni, a sake faɗuwa. Zaburar da kake gani ke nan.

Da ka koma AA huɗu kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Sun fi na 9V iya ba da amfiya, amma jimlarsu 6V ce kawai, ƙasa da abin da Vin ke so. Sannan ga L298N. Tsohon ƙira ne, kuma yana cinye wajen 2V tsakanin abin da ya shiga da abin da ya fita zuwa moto, ya mai da shi zafi. Idan moto ya ja da yawa, asarar tana haura 3V. Ka cire saukar batir, ka cire rabon direba, za ka tarar abin da ya isa moto bai kai 3V ba. Da wannan zai juya, amma ba ƙarfi. Ƙaramar regiletar 5V da ke kan allon L298N ɗin ma ba za ta yi aikinta da 6V ba, ita ma kusan 7V take nema.

Kafin ka sayi komai, ina so ka gani da idonka, domin wannan awon shi zai yi maka amfani a duk na'urar da za ka haɗa nan gaba.

Da farko ka tabbatar allon sake tashi yake yi. Ka sa layi biyu a farkon kod, a sashen da ke gudana sau ɗaya tak idan allo ya tashi, su sa fitilar ƙafa ta 13 ta ƙifta sau uku. Idan ka ga ƙiftawar nan a tsakiyar tafiya, magana ta ƙare. Masu amfani da allon ESP32 maimakon Uno sun huta da wannan, domin shi da kansa yake rubuto "Brownout detector was triggered" a kwamfuta. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kuma tana ba da gargaɗi da zarar wutarta ta sauka ƙasa da 4.63V.

Daga nan sai gwajin da na fi so, saboda yana raba gardama cikin minti biyu. Cire wayar da ke shiga Vin. Ba Uno wuta ta USB daga fawa bank, ka bar moto a kan batirinsu, amma ka tabbatar wayar GND ta allon, wato ta nagatif, tana haɗe da GND na direba. Idan sake tashin ya daina, ka san cewa rabon wuta ne matsalar. Ka dai lura, wasu fawa bank suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, suna zaton an cire waya. Kada wannan ya ruɗe ka.

Sai awo na ainihi. Maƙala ƙafafun mita a bakin batir, ka ajiye na'urar a ƙasa, ka riƙe ta da hannu yadda tayoyin za su yi ta fama, ka karanta lamba. Sakan biyu sun isa, kada ka daɗe, giyar cikin moton roba ce. Ka rubuta abin da ka gani. Sannan ka matsar da mitar gaba ka maimaita: bayan makunni, a mashigar direba, a bakin moto, a Vin, a ƙafar 5V. Kana bin wutar ne mataki-mataki daga inda ta fito zuwa inda za ta, kana duba inda take zubewa. Duk wurin da lamba ta faɗi sosai tsakanin awo biyu, a nan ɓarawon yake.

Ina dagewa a kan wannan ne domin sau da yawa batir ba shi da laifi. Na taɓa shafe kwana biyu ina canza batura a wata na'ura, ashe gidan batirin ne. Sifirin ɗinsa na ƙarfe siriri ne, wayoyinsa kuma kamar zare, su kaɗai suna cinye kusan 1V idan moto ya tashi. Siraran wayoyin nan masu launi-launi da ake sokawa a allon gwaji an yi su ne domin sigina. Wasu idan ka feɗe su za ka ƙirga silin tagullar ciki da yatsun hannu ɗaya. Ramukan allon gwajin ma ba su dace da wutar moto ba, ballantana in sun saki. Turjiyar om 0.5 ba ta zama komai a ido, amma a 2A ta zama asarar 1V cif. Hanyar da wutar moto ke bi, daga batir zuwa makunni zuwa direba zuwa moto, ta zama waya mai kauri, gajeriya, a like da dalma ko a ɗaure da sukuru. Bayan gwaji ka shafa wayoyi da mahaɗai da yatsa. Wurin da ya yi ɗumi yana gaya maka wani abu.

Akwai iyakar abin da mita ke gani. Tana sabunta lambarta sau biyu ko uku ne a sakan, alhali faɗuwar da ke kashe allo tana iya zuwa ta wuce cikin kashi kaɗan daga dubu na sakan. Idan taka tana da maɓallin riƙe mafi ƙanƙantar lamba, ka yi amfani da shi. Idan babu, riƙe tayar nan da na ce shi ke tsawaita faɗuwar har mita ta kama ta.

Za ka iya gane lafiyar batir da kanka. Auna shi babu lodi. Sannan ka haɗa masa rizista mai om 10, irin babbar nan mai ɗaukar wat 10, ka sake aunawa. A ce ka samu 8.2V da farko, 7.9V daga baya. Amfiyar da ta bi ita ce 0.79A, boltej ya sauka da 0.3V, ka raba ka samu kusan om 0.38. Ga batir lithiyam mai caji irin 18650 guda biyu wannan ya yi yawa, domin mai kyau ɗaya ba ya kai om 0.1, sai ka zargi gidan batirin ko tsufan baturan. Haka ma moto: auna turjiyarsa da mita, ka ɗan juya shi ka sake aunawa sau uku ko huɗu, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Idan om 4 ka samu, a 6V zai ja 1.5A lokacin tashi. Da wannan lambar ake zaɓar batir da direba da waya, a bar lambar juyawa a iska.

Yanzu gyara. Da ni ne, batir 18650 guda biyu zan jera, fozitif ɗin wannan a nagatif ɗin wancan. Kowanne 3.7V ne a tsakiyar aikinsa, 4.2V idan ya cika, su ba ka 7.4V zuwa 8.4V. Wannan ya yi wa Vin daidai, kuma bayan L298N ya ci nasa 2V, moto zai samu wajen 6V, wanda shi ne iyakar da aka rubuta masa. Idan ba ka son hulɗa da lithiyam tukuna, AA masu caji irin NiMH guda shida za su ba ka 7.2V. Kada 1.2V da aka rubuta a jikinsu ta sa ka raina su. Turjiyarsu ƙarama ce ƙwarai, a ƙarƙashin lodi sun fi alkalin mai 1.5V tsayuwa.

Wajen sayen 18650 ka buɗe ido. Na gaskiya ba sa wuce 3500mAh ko kusa da haka (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa). Duk wanda ka ga an rubuta masa 6800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta. Na kirki yana da nauyin giram 45 ko kusa da haka, jabun kuwa sau da yawa za ka ji shi sakayau a hannu. Waɗanda aka ciro daga tsohon batirin kwamfuta suna iya aiki, amma sai ka gwada kowanne da rizistar nan, kuma ka haɗa biyu masu kama da juna. A jeri, mai rauni shi ke fara ƙarewa, ya ja ɗan'uwansa ƙasa. Kuma jera batura boltej yake ƙarawa kawai: biyu masu 2500mAh a jere 2500mAh ne har yanzu.

Lithiyam yana buƙatar kulawa ta gaske. Ka sa ƙaramin allon kariya da aka yi wa batir biyu a jere, wanda ke yanke wuta idan sun sauka da yawa ko an samu haɗuwar waya. Ka duba amfiyar da aka rubuta masa ta wuce abin da moto biyun ke ja lokacin tashi, in ba haka ba shi ma zai riƙa yanke maka wuta, ka koma gidan jiya. Ka sa fis mai 3A zuwa 5A dab da batir. Ƙaramar cajar TP4056 ta batir ɗaya ce, kada ka haɗa ta da biyu a jere. Kada ka bari ɗaya ya sauka ƙasa da 3V. Wanda ya kumbura, ko fatarsa ta yage, ko yake zafi yana ajiye, ka cire shi daga aiki.

Batir mai kyau rabin aikin ne, sauran rabin yadda ka raba wutar. Daga batir ka fitar da reshe biyu daga wuri ɗaya: ɗaya zuwa direba, ɗaya zuwa allo. Haka ma nagatif, kowa ya koma batir da wayarsa. Kada wutar moto ta ratsa ta cikin allon Arduino a hanyarta ta komawa.

Sarbo ɗinka ma yana cikin waɗanda nake zargi. Ina kyautata zaton a ƙafar 5V ta Uno ka soka shi, kamar yadda kusan kowa ke yi. SG90 ƙarami ne a ido, amma yana iya fizgar sama da rabin amfiya idan ya motsa farat ɗaya ko ya maƙale. Regiletar Uno tana rage boltej ne ta hanyar ƙona rarar: daga 8.4V zuwa 5V a 0.5A, wat 1.7 ke nan na zafi a kan abu mai girman ƙwayar wake. Ka ba sarbo nasa 5V daga ƙaramin allon rage boltej irin LM2596 ko MP1584, waɗanda ba sa asara sosai. Ka saita shi da mita ya tsaya a 5V kafin ka haɗa komai a bakinsa, domin yawancinsu ba a saite suke zuwa ba. HC-SR04 kuwa 15mA yake sha, ka bar shi a kan allo. Babban sarbo irin MG996R yana kai 2.5A idan ya maƙale, wannan kam ko kusa da ƙafar 5V kada ya je.

Za ka ji ana cewa a sa kafasita, wato ƙaramar ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci, matsala ta wuce. Akwai gaskiya a ciki, amma ya kamata ka san iyakarta. Kafasita mai 1000µF, idan ana jan 1A daga gare ta, tana rasa 1V cikin kashi ɗaya daga dubu na sakan. Ba za ta tayar maka da moto ba, kuma ba za ta mai da batirin 9V gwarzo ba. Inda take da amfani sosai shi ne reshen allo. Uno wajen 50mA yake sha, don haka wannan kafasitar za ta riƙe shi kusan kashi 20 daga dubu na sakan kafin ta rasa 1V. Sharaɗin shi ne ka sa dayod a gabanta, irin Schottky mai ƙarancin asara, yadda wuta za ta shigo reshen allo amma ba za ta koma baya moto ya zuƙe ta ba. Babu dayod, kafasitar moto take yi wa aiki. Ka kula da ƙafarta mai alamar nagatif, ka kuma zaɓi wadda aka rubuta wa 16V ko sama.

Akwai wata ƙaramar kafasita daban, ta yumɓu mai 100nF, da ake likawa a tsakanin ƙafafun moto biyu. Aikinta kashe hayaniyar tartsatsin da buroshin cikin moto ke yi. Idan ka gyara wuta, mita ta nuna komai tsaye, amma na'urar gano shinge tana kawo lambobin banza duk lokacin da moto ke gudu, ita ce maganin. Ka kuma murɗa wayoyin moto biyun da juna, ka nisanta su da wayoyin sigina.

A kod ma akwai sauƙin da za ka samar wa batir kyauta. Maimakon ka tashi daga 0 zuwa 255 a bugu ɗaya, ka riƙa ƙara PWM, wato lambar da ke saita ƙarfin moto, kaɗan-kaɗan cikin kashi ɗaya bisa uku na sakan. Mafi muni shi ne juya moto baya yana tsakiyar gudu gaba: a wannan lokacin boltej ɗin da moto ke haifarwa yana haɗa kai da na batir, abin da zai ja ya kusa ninka na tashi. Na'urori masu kauce wa shinge irin taka suna yin wannan kullum. Ka tsayar da shi, ka jira ɗan lokaci, sannan ka juya. Kada kuma ka motsa sarbo a daidai lokacin da tayoyi ke tashi.

Idan daga baya ka maye gurbin L298N da TB6612FNG ko DRV8833, za ka ga bambanci, domin asararsu ƙarama ce kuma ba sa zafi kamarsa. Sai dai a nan kusan duk 8.4V ɗin za su isa moto mai 6V, don haka ka taƙaita PWM a wajen 180.

Idan duk ka yi waɗannan amma batir yana saurin ƙarewa, ka juya na'urar ka duba ƙarƙashinta. Gashi ko zare da ya naɗe a gindin taya, tayar da ke gogar jiki, ƙaramar tayar gaba da ta cije, nauyi da ya yi yawa, tafiya a kan kafet mai kauri, duk suna sa moto ya zauna kusa da halin maƙalewa. Ka soka wayar mita a raminta na 10A, ka yanke hanyar fozitif ka saka ta a tsakani, ka ga abin da ake ja a tafiya ta yau da kullum. Kada ka yi wannan awon a ramin mA, fis ɗin mitar zai ƙone, kuma da ka gama ka mayar da wayar raminta na boltej kafin ka sake taɓa batir. Idan ka samu 600mA da batir mai 2500mAh, lissafi ya ba da awa 4 da 'yan mintuna. Ka ɗauki kashi 80 cikin 100 na wannan, awa 3 da minti 20 ke nan. In abin da kake samu bai kai rabin haka ba, batirin bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Za ka iya sa na'urar ta riƙa duba batirinta da kanta. Rizista biyu masu om 10,000 a jere tsakanin fozitif da GND, tsakiyarsu zuwa ƙafar A0 ta Uno, za su mai da 8.4V ya zama 4.2V, wanda allon zai iya karantawa ba tare da lahani ba. Ka sa kod ya tsayar da moto ya kunna fitila idan jimlar ta zauna ƙasa da 6.4V na tsawon sakan biyu ko uku. Jiran nan yana da muhimmanci, in ba haka ba duk tashin moto sai ya ɗauka batir ya ƙare.